Harshen Tsohuwa da Ijiyat Taubashina

Can wajenmu, ƙauyukkan da ke bayan Bukkuyum, in abu ya hwaɗa maka ijiya ba asibiti a ka kai ka ba. Hannu za a kama maka a jawo ka gidan kakammu, wadda tah haihi Inna, kana tahe kana zubda hawaye awa wanda anka ƙwace ma mata. Tsohuwa mu ka ce mata, kowa da kowa, har liman. Ita ka hidda abin da yash shiga ijiya, kuma da harshe ta ka hidda shi.

Aikin ba shi da tsawo. Ta kihe turmi ta ce ka zamna. Ta kurkure baki, ta matse maka kai awa za ta yanka rago, ta ɗage hwatab bisa da babban yatsa, sai kawai ka ji abu mai ɗumi da santsi ya shiga ya zagaya. Kahin ka ce wayyo ta tohwa ga tahin hannunta ta nuna maka. Tsakuwa, ƙwaro, ƙaiƙayin gero, ɓarɓashin dutsen masu dakan zinari. Ni da kaina na ga ta hiddo ma wani Bahillace abin da in an kai shi gona an turbuɗe, da damana sai an yi girbi. Ba ta amsak ko sisi. Goro ɗai, in kana da shi. In ba ka da shi ta zage ka, ta zagi wanda yah haihe ka, ka tashi kana godiya.

Tsohuwa kuma bakinta na hesowa, tun ina ƙarami haka nis san ta. Duk sadda masassara tak kada ta, ko taw wuni cikin rana wajen roron wake, sai ka ga tana sosa leɓen bisa tana cewa shina mata zugi. Wanshekare ƙuraje sun hito, ƙanana, sun taru wuri guda cike da ruwa awa ƙwan kwaɗi. Su hwashe, su yi ɓawo, ɓawon shi tsage in ta yi dariya, jini shi ɗan leƙo, sannan su bushe su tahi abinsu. Mu nan ba mu ɗauki wanga ciwo ba. Barka ma a ka yi ma mutum. Cewa a ka yi masassara ta, ta samu ƙohwa ta hice. In mutum ya kwana biyu kwance mata na leƙa bakinai, da sun ga ya heso sai su ce alhamdu lillahi, a dama mai hura. Magani kuwa kowa da nashi. Wani toka, wani man shanu, wani kwalli, 'yan tasha har man birki su ka ɗigawa. Tsohuwa toka ta ka shahwawa, ta hito da baki hwari awa akuyad da tas sa kai cikin gari.

Tau ga taubashina, ɗan kawu, jikanta shi ma. Tare munka tashi. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka ina da izinin in ci mai mutunci tun sahe har hwaɗuwar rana, in ya yi hushi kuma shi a ka ma dariya. Shi ma shina da wanga izini bisa kaina, sai dai Allah bai ba shi baki ba. Ijiya yab ba shi. Manya, hwarare tas, da gashi zara-zara awa na ɗan maraƙi. 'Yan mata masu tallan gyaɗa in ya dube su sai awo shi ɓace masu. Shi da kainai shina alhwahari da su, wai daga tashab Bukkuyum shina hango ramin da ke bakin Gummi.

Yaron mota na, in dai za a kira mai mata da ɗiya biyu yaro. Tun ba shi da gemu shike bin bas ta wani attajirin hatsi, Bukkuyum zuwa Gummi, wani bi har garin Anka. Shi ka lodi, shi ka ɗaurin kaya, shi ka sa dutse ƙarƙashin taya, shi ka shan zagin direba. Tuƙi ya iya shi tuni. Waccan shekara direban yac ce ƙahwahunai sun hwara kumbura, da an gama kwasah hatsi shi ya bar hanya. Mai mota kuwa yah hwaɗi gaban mutane, cikin tasha, cewa bas ta taubashina ta. Tun daga ranan mutumin ga yad daina taka ƙasa. Ya sayi hula. Matatai ta hwara gaida Inna da hanci bisa. Ni ina kabu-kabu da babur nan bakin tasha, da ya gitta sai in sabka in duƙa har ƙasa in ce a gaida direban jirgin sama.

Ranak kasuwab Bukkuyum abin yah hwaru. Shina ƙasa shina miƙa buhun gero ma na bisa mota, bakin buhu yak kwance, ƙaiƙayi yaz zubo mai ga huska. Wani ɗan tsinke yas samu ijiyah hagu yaz zamna. Ya murza, ya wanke da ruwan buta, mai shayi ya hura mai har da ƙamshin albasa, abu ya ƙi. Nig goya shi bisa babur sai gida.

Munka iske Tsohuwa ta tashi daga masassara ke nan. Bakin ya yi hesowad da ban taɓa gani ba, tun daga kusurwa har ƙarƙashin hanci, wasu sun hwashe suna ruwa-ruwa, ga toka bisa. Kaka da jika su ma abokan wasa na, shi ta ka kira angonta. Tana ganinai tac ce ango ya zo da kuka, wace mai hura ta tam mare shi can Gummi? Tak kurkure baki, tak kama kai. Tsinken ya yi nisa. Sai da tay yi ta lalube, bisa da ƙasa, leɓenta manne da hwatat ijiya, ni ina riƙe mai hannuwa ina ce mai shi yi haƙuri, haka amarci shike. Tah hiddo shi. Ɗan abu bai kai ƙwayag gero ba. Yab buɗe ijiya yay yi dariya, yab ba ta goro, munka koma tasha yaƙ ƙarasa lodi.

Kasuwa ba ta zagayo ba ijiyan nan tay yi ja awa garwashi. Hawaye ba tsayawa. Rana in ta taɓa ta sai shi duƙe awa an soka mai allura. Sannan ƙuraje sunka hito bisa hwatat ijiya, ƙanana, wuri guda, cike da ruwa. Ni nih hwara ganin su, kuma ina gani nig gane su, don tun ina goye ni ka kallon irinsu. Nit tara 'yan tasha nic ce su zo su ga ikon Allah, Tsohuwa ta raba gado tun tana da rai, kowa na jiran tukunya da tabarma, ango ya riga ya kwashe ƙuraje. Nic ce bakinta na yat tsira mai ga huska, nan gaba kaɗan ijiyan nan za ta hwara cin goro tana zagin mutane. Wani ɗan kamasho har da kwantawa ƙasa. Wani yac ce ƙarya na, leƙen matan mutane shi ka yi ta madubi. Mai shayi yac ce a ɗaure shi bayan mota shi zama hitilab birki, a huta sayen ƙwan hitila. Maganat tawa ashe ita ta gaskiya, amma cikin tasha wa ka neman gaskiya ga bakina?

Kawu yac ce saura na yar rage ciki, a koma. Anka koma, Tsohuwa tas sake lasa. Inna taj je maƙwabta tas samo nonon mai jego taɗ ɗiga. Wata gwaggo tar rambaɗa mai kwalli. Wani yac ce ruwan sikari. Ijiya ta zama tukunyat taron suna, duk wanda yaz zo sai ya jehwa nashi.

Asibiti kuwa shi da kainai yaƙ ƙi. Yac ce in ya tahi labari za shi kai kunnen mai mota, kuma ba a ba mai ciwon ijiya bas. Yas sayi baƙin tabarau, shina lodi da shi awa ɗan sandan ciki. Ranad da sunka yi Anka yas sulale wani ɗan shagon magani, anka ba shi na ɗigawa cikin 'yak kwalba. Walle maganin ya yi abin mamaki. Ja ya tahi, zahi ya kwanta, ijiya ta yi hwari tas. Yac cire tabarau yaz zo har inda nika aje babur shina zaro min ita, yac ce in kira 'yan tasha in sake wa'azi. Yac ci gaba da ɗigawa sahe da marece, kwalba ta ƙare ya sayo wata.

Sai wata sahiya matatai taz zo wajen Inna, hancin nan ya sabko. Tac ce a zo a duba, wani abu awa ɗigon nono ya zamna bisa baƙin ijiya, kuma ya kwana shina cizon matashi.

Ni nig goya shi har Gummi, ranad da likitan ijiya ka zuwa. Tun daga gida ya tura kai cikin bayana shina ɓoyon rana, ya rungume ni ƙam. Nic ce mai shi sassauta, mutane na kallo, kada a ce na yi amarya ban gayyace su ba. Sai yaƙ ƙara ƙanƙame ni.

Likita mace ta, 'yas siririya, ba ta da wasa ko kaɗan. Taɗ ɗiga mai wani ruwa kalaɗ ɗorawa, tah haska da hitila shuɗiya, tak kira ni tac ce in leƙa. Nig ga gyambo shimhiɗe bisa baƙin ijiya, kore shar, da rassa awa gulbi da ƙoramunai. Tat tambayi mi da mi yat taɓa ijiyan nan. Ni nij jero mata, tun daga iskan mai shayi har nono da sikari, ina yi ina ƙara gishiri, ina jiran ta yi dariya. Da niz zo ga harshen Tsohuwa tat tsaida ni.

"Ranan bakinta lahiya shike?"

Nic ce lahiya lau, in ban da ya heso, masassara ta tah hita.

Tac ce ba masassara ta ka hita ba, ƙwayac cuta ta. Mutane da yawa na ɗauke da ita tun suna ƙanana, ta shige jiki ta kwanta, ba ta barin mutum har kabari. Masassara, ko rana, ko gajiya su ka tada ta. Ga leɓe ba ta cika ɓarna ba, ko ba a sa komi ba za ta bushe da kanta, akwai ma man shahwawa da ƙwaya in an hwara tun wurin na zugi. Abin ɗai, muddin ƙurajen na ɗanye, ruwansu da miyau cike suke da ita. Kada a ɓare su, kada a sha moɗa guda, kada a tauna abu a ba jinjiri, kada ma a kai baki kusa da shi, don jinjiri tana iya kashe shi. In ka taɓa leɓe ka wanke hannu kahin ka kai ga ijiya. Balle harshe, bisa ijiyad da tsinke ya riga ya karce.

Sannan tac ce a ba ta kwalba. Tak karanta, tad dube shi, tad dube ni awa ni nih haɗa shi. Tac ce irin wanga magani ja ɗai shi ka ɓoyewa, ga wagga cuta kuwa taki na.

Taubashina duk wanga bayani bai shige mai kai ba. Abu guda yat tambaya.

"Likita, ina iya tuƙi?"

"Zahin za shi tahi. Gyambon za shi warke, in ka riƙe magani. Tabon na ba ni da yadda zan yi da shi, ga shi nan tsakiya. Da kun zo tun tana ja..."

Tab ba shi man sawa ga ijiya da ƙwayoyi, tac ce cutan nan tana iya dawowa, in ya ji motsinta shi zo asibiti, kada shi biya gidan kowa. Tac ce kuma a hwaɗa ma mai harshen ta bari.

Da munka dawo, kawu yac ce duk wanda yak kai ma uwatai wagga magana ba shi ba shi. Inna tac ce tsohuwa ta, zuciyatta ba ta ɗauka. Tau ni jika na, ina da izini. Nis samu Tsohuwa tsakag gida, mata cike suna sussuka, nib ba su labarin hitila shuɗiya, sannan nic ce likita na gaishe ta, ta ce a mai da harshe kube.

Gida yak kama wuta. Tac ce tun ba a haihi uwal likitan nan ba ta ka lasat ijiya. Ta lashi ta liman, ta lashi ta mahauta, ta lashi ta maƙera, ba wanda yam makance sai wanda yak kai tashi inda anka haska mata wuta. Tac ce mayya a ka son a ce mata, tau a hito hili a hwaɗi. Taƙ ƙi cin tuwo. Mata sunka dinga shigowa ba ta haƙuri, kowace tah hito sai ta biya ta gaban ɗakin taubashina ta ja tsaki. Ba ni a ka ma tsaki ba, ni kowa ya san bakina. Shi a ka ma, da yat tashi yak kai ƙarak kakatai wajen baƙuwa.

Ƙarshe kawu yat tasa shi gaba. Mutum da auduga manne ga huska, yad durƙusa gaban mata da yara yab ba ta haƙuri. Tab bar shi durƙushe har tag gama ɓare goro, tak kankare, tak kai baki.

"Na yahe, ango. Amma ni ba ni zama da mai ijiya guda. Sake ni in nemi wani."

Tsakag gida tat tarwatse da dariya, har masu goyo suna dahe bango. Shi ma ya buɗe haƙora, don in bai yi ba wata ba haƙuri ta za a sa shi. Wanshekare wata mata tak kawo ɗiyatta, ƙasa ta shiga mata ijiya, Tsohuwa tac ce a miƙo ruwa ta kurkure. Bakin dai ya bushe lokacin, na leƙa.

Zahi ya tahi yadda likita tac ce. Tabo ya zamna, hwari, awa ƙwayaw wake. Gaban mutane cewa shi ka yi shina gani sarai, tabon bisa-bisa na. Matatai ɗai yah hwaɗa ma gaskiya, wai komi ta hagu awa ta bayan jiƙaƙƙen zane shike. Ita tah hwaɗa ma Inna, Inna tah hwaɗa min, ni kuwa bakina ba a ɗinka mai aljihu ba.

Anka gama kwasah hatsi. Tsohon direba yak kawo bas tasha yab ba mai mota makulli. Taubashina tun hantsi bai yi ba ya wanke ta, har taya ya goge, ya sa hula, ya sa tabarau, ya tsaya bakin ƙohwad direba hannu bisa madubi. Duk tasha an taru, har mai shayi ya baro wuta. Mai mota dattijo na da ka gane ruɓaɓɓen hatsi tun buhu na ɗaure. Yat tambaye shi ƙaƙa ijiya.

"Ta warke sarai, Alhaji."

Yac ce madalla. Yac ci gaba da hira da mutane, maganaw wake, maganah hanya, shina yi shina takawa sannu-sannu, har yaz zagayo ta hagunai, ɗan nesa kaɗan. Sannan yac ce, "Direba, amshi." Yaj jeho makulli, a hankali, yadda a ka jeha ma ƙaramin yaro dabino.

Duk mun gan shi cikin iska. Taubashina shina cikin juyo da kai shina neman inda murya tah hito, makulli yas same shi ga kunci, ƙarƙashin tabarau, yah hwaɗi ƙasa. Hannunai ko motsi bai yi ba.

Sai ɗan kamashon nan yah hwashe, tasha duk taɗ ɗauka. Wani na cewa a sake, bai shirya ba. Wani na cewa a jeho taya, ita kila shi gani. Mai mota bai yi dariya ba. Yac ce mai shi miƙo. Taubashina yad duƙa, sai da yak karkata kai gaba ɗaya awa kaza ta hango tsaba sannan yag gane inda shike. Yaɗ ɗauka yak kaɗe ƙasa yam miƙa da hannu biyu.

"Hanyag Gummi, masu ijiya biyu ma ƙaƙa sunka ƙare? Rayukkan mutane na, ɗana."

Yaj juya yab ba wani direba ɗan Anka da yad daɗe shina zaman benci shina jiran mota. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, yac ce ga kaya can ba a ɗaure ba.

Taubashina yac cire hula yan ninke yat tura aljihu. Yak kama tsani yah hau bisa mota, yaj jawo igiya. Ni ina ƙasa bisa babur. Niɗ ɗaga murya nic ce mai shi gode ma Allah, yanzu barci ya zo mai da rahusa, guda ɗai za shi ruhewa. Anka sake kwashewa. Yat tsaya da igiya ga hannu, yal leƙo ƙasa shina nema.

"Taubashi, matso ta dama in gan ka."

Nit tura babur nim matsa ta dama, nis sake hwaɗa mai daga hwarko, don kada shi ce bai ga mai magana ba. Yak kaɗa kai, yaƙ ƙarasa ɗauri, yas sabko. Ɗan Anka yat tada mota, yad danna oda, yac ce yaron mota shi cire dutse. Yac cire, yab bi ta da gudu yak kama ƙohwa, rabin jiki waje, kai karkace, shina kiran Gummi, Gummi, saura mutum guda.